Yadda Ake Tsara Sadarwar Kwamfuta Mai Kati Fiye da Ɗaya a Cikin Gida

Galibin kwamfutocin da ke hannun mutane a yau ba ta hanya ɗaya suke sadarwa ba, domin akwai katin da ake soka wa kebul, akwai katin Wi-Fi da ke kamo saƙo ta iska, kuma duk sa'ad da mutum ya jona wayar hannunsa da kebul ɗin USB don samun intanet, sai kati na uku ya bayyana. Wannan yalwa ni'ima ce, amma idan ba a yi mata tartibi ba sai ta zama fitina, har mutum ya soka kebul don ya kai ga firinta, nan take intanet ta ɗauke masa, alhali kuwa modem lafiya lau yake aiki. Dalili shi ne Windows, idan aka bar ta da ra'ayinta, tana fifita hanya gwargwadon saurinta, saboda haka takan gabatar da kebul a kan Wi-Fi muddin rautar da ke ƙarshen kebul ɗin ta ce ita ce mafita, ko da ba ta kaiwa ko'ina.

Maganin mas'alar ya tattaru cikin ƙa'idoji uku: kowane kati da aikinsa, kowace hanya da zuriyar adireshinta, ƙofar fita kuwa a san wadda ke gaba. Za mu yi misali da Windows 10 ko 11, a gidan da intanet ke zuwa ta Wi-Fi daga modem, firinta da na'urar ajiye hotunan kyamara suna kan kebul, wayar hannu kuma an ajiye ta don ranar larura.

Mataki na farko: sanin katunan

Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna Enter, sai dukan katunan su jeru a gabanka. Ka danna kowannensu da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Rename, ka ba shi sunan da zai bayyana aikinsa, kamar Intanet, Gida da Waya, domin wanda ya rasa bambance katunansa la'alla ya gyara lafiyayye ya bar mai ciwo. Katin waya ba zai fito ba sai an jona ta, an kuma kunna raba intanet ta USB a cikinta.

Mataki na biyu: binciken adireshi

Sake danna Windows da R, ka rubuta cmd, sa'an nan a baƙin allon da zai buɗe ka rubuta ipconfig /all. A ƙarƙashin kowane kati ka nemi layuka uku, wato IPv4 Address, Subnet Mask da Default Gateway, ka kwafe su a takarda kafin ka taɓa komai, domin idan aiki ya rikice ka san inda za ka koma. Adireshin cikin gida yakan fara da 192.168, ko 10, ko 172.16 zuwa 172.31, waɗanda aka keɓe wa sadarwar cikin gida a wata ƙa'ida ta shekarar 1996. Idan kuwa ka ga 169.254, to alama ce katin ya nemi adireshi bai sami mai ba shi ba, sai ya laƙaba wa kansa.

Mataki na uku: raba zuriyar adireshi

Wajibi ne kada katuna biyu su zauna cikin zuriya guda. Idan Subnet Mask ya kasance 255.255.255.0, kashi uku na farko na adireshi su ne sunan zuriya, na huɗu kuwa shi ne lambar na'ura, daga 1 zuwa 254. Da yawa daga modem na Huawei suna zuwa da 192.168.8.1, saboda haka sai a bar Wi-Fi cikin 192.168.8, a zaɓa wa kebul wata zuriya dabam, misali 192.168.10. Idan akwai tsohuwar rauta a kan kebul wadda adireshinta ya yi karo da na modem, a shiga cikinta a sauya mata, in ba haka ba kwamfuta za ta riƙa aika saƙon wannan ta hanyar wancan.

Mataki na huɗu: hana kebul ƙofar fita

Nan ne zuciyar aikin take. Danna katin Gida da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, ka shiga Internet Protocol Version 4, ka zaɓi Use the following IP address. Rubuta 192.168.10.5 a matsayin adireshi, da 255.255.255.0 a ƙarƙashinsa, sa'an nan ka bar gurbin Default Gateway, wato ƙofar fita, da na DNS fayau babu komai. Hikimar haka ita ce ƙofar fita ita ce inda kwamfuta ke miƙa duk saƙon da ba na cikin gida ba, kuma idan aka ba ta ƙofa biyu ɗaya kawai za ta bi, domin taura biyu ba ta taunuwa. To, tunda kebul ba ya kaiwa waje, babu hujjar ba shi ƙofa. Bayan haka ka ba firinta 192.168.10.20, na'urar kyamara kuma 192.168.10.30, da sharaɗin kada lamba ɗaya ta maimaitu. Katin Wi-Fi kuwa a bar shi ya karɓi adireshinsa da kansa daga modem.

Mataki na biyar: jera fifiko

Saura Wi-Fi da waya, waɗanda dukansu suna kaiwa intanet, saboda haka tilas a bayyana wanda ke gaba. A cikin shafin Internet Protocol Version 4 na kowannensu ka danna Advanced, ka cire alamar da ke kan Automatic metric, ka rubuta lamba a gurbin Interface metric. Ƙaramar lamba ita ce mai rinjaye: ka ba Wi-Fi 10, ka ba waya 50. Ta haka datar wayarka ba za ta salwanta a banza ba matuƙar Wi-Fi na haɗe. Amma idan modem na kunne, datarsa ce kawai ta ƙare, sai ka kashe Wi-Fi da hannunka domin waya ta karɓi aiki.

Mataki na shida: jarrabawa

Koma baƙin allo ka rubuta route print, ka dubi layukan da suka fara da 0.0.0.0, bai kamata ka ga adireshin kebul a cikinsu ba. Sa'an nan ka yi gwaji bi da bi: ping 192.168.10.20 don firinta, ping 192.168.8.1 don modem, ping 8.8.8.8 don intanet. Idan na ukun ya amsa amma shafuka sun ƙi buɗewa, matsalar ta DNS ce, sai ka sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin DNS na katin Wi-Fi.

Gargaɗi

Kada ka zaɓi Bridge Connections sai da cikakkiyar masaniya, domin yana narkar da hanyoyin biyu su zama ɗaya, ya rushe rabon da ka yi. Haka kuma kunna Sharing a kan Wi-Fi zai mayar da adireshin kebul 192.168.137.1, firinta ya ɓace maka. Kada kuma ka yi tsammanin hanyoyi biyu za su ninka maka sauri, domin wannan tsari fifiko yake tabbatarwa, ba ya tara ƙarfi.

Idan komai ya daidaita, ka rubuta sunan kowace na'ura da adireshinta da lambar fifikonta a takarda, ka manna kusa da modem, domin ranar da aka sauya modem ko aka sake zuba Windows, kai ko wani daga cikin iyalinka ya mayar da tsarin cikin 'yan mintoci ba tare da neman mai gyara ba. Allah Ya sa mu dace.