Ku Fito Da Takardar Da Ba Za Ku Ji Kunyarta Ba

'Ya'yana da jikokina, na sakandare da na jami'a, ina so mu ɗan zauna a kan maganar da kowa ya sani amma ba a cika taɓo ta a gaban manya ba, wato satar amsa a jarrabawa. Cikin dukan maganganun tarbiyya ita na zaɓa, domin a ganina a nan halin ɗalibi yake fara kafuwa ko ya fara tsagewa. Gaisuwa da rusunawa da suturar mutunci duk ina son ganinsu a tare da ku, sai dai a idon jama'a ake yinsu. Awa biyu ko ukun nan da kake zaune gaban takardar tambayoyi, mai sa ido ya juya baya, na kusa da kai ya turo maka 'yar takarda da ƙafa, a nan mutum yake gamuwa da ainihin halinsa.

Kada ku ɗauka a kanku cutar ta fara. Tun a 1977 tambayoyin WAEC suka fita kafin ranar jarrabawa, abin ya girgiza ƙasar nan har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa. A 1999 aka sake wata doka, wadda ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda bai cika 18 ba, ta kuma tsananta hukuncin malami ko mai sa ido da aka kama da hannu a ciki. JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ga ɗaukar hoton yatsa, ga kyamarori. Duk da haka, kowace shekara idan sakamakon WAEC ya fito sai ka ji an riƙe na dubban ɗalibai ana bincike. Doka da na'ura iyakarsu bakin ƙofa. Abin da ɗalibi ya ƙudura a ransa, shi kaɗai zai iya tsare shi.

Ba zan ɗora muku laifin duka ba, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ɗan shekara 16 ba shi ke da kuɗin da ake kai wa makarantun nan da suka yi suna wajen "taimako" ba, inda ake rubuta amsa a allo kowa ya kwafa. Uba ne yake biya, uwa ce take sayar da akuyarta ta cika. Mai makaranta yana son a ce ɗalibansa duk sun ci don ya samu sababbin yara baɗi. Na kuma san halin da kuke ciki. Aji ya cika maƙil, wani darasin an shafe zango guda ba malami, sannan a ce sai ka kawo kiredit biyar har da Turanci kafin jami'a ta dube ka. Ke kuma 'yata, wataƙila an riga an gaya miki cewa wannan ce damarki ta ƙarshe, in kin faɗi ba mai sake biya miki. 'Yan jami'a ma sun sha nasu, yajin aikin malamai na 2022 kaɗai wata 8 ya cinye musu, aka dawo ana tsere da lokaci. Wanda bai tausaya muku ba bai san abin da ake ciki ba.

To amma ku dubi takardar nan da ake ta wahala a kanta. Shaida ce. Hukuma ce take gaya wa duniya cewa ta gwada wane ta same shi ya san kaza da kaza. Ranar yaye ɗalibai a jami'o'inmu, ko a Zariya ne ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, abin da ake shelantawa shi ne an samu ɗalibi ya cancanta ta fuskar hali da ta ilimi, sannan a ba shi digiri. Idan amsar wani ka kwafa, ka sa manyan mutane sun sa hannu a kan shaidar da ba gaskiya ba, kai kuma ka ɗauke ta ka shiga duniya. Da ita za ka nemi aiki. Ma'aikacin gwamnati yakan yi har shekara 35 yana karɓar albashi, da shi zai yi aure, ya ciyar da iyali, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, wataƙila ma ya je Makka. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ku tambayi malamai hukuncin wannan albashi. Abin da na tabbata shi ne mai hankali ba zai so tambayar ta riƙa bin sa har tsufa ba. Kun kuma san labarin da ya zo a hadisi, lokacin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, busasshen yana sama. Bai ɗauki abin da wasa ba, ya nisanta mai algus daga kansa. Takardar da ta ce ka sani alhali ba ka sani ba, busasshe ne a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa.

Kuma ba mai takardar kaɗai abin yake ci ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta tsallake darasin auna magani da satar amsa, wata rana jaririn wani za a miƙa mata. Injiniyan da bai iya lissafin nauyin gini ba, mutane ne za su kwana a ƙarƙashin abin da ya zana. Malamin makaranta ya fi ba ni tsoro, don shi kowace shekara aji guda ake damƙa masa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan dubu 33 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su ci ba. An yi ta jayayya a kan yadda aka gudanar da gwajin, kuma ban ce duk wanda ya faɗi satar amsa ya yi a baya ba. Amma mutanen nan da takardu aka ɗauke su aiki, kuma 'ya'yan talakawa ne suke zaune a gabansu. A ƙarshen 2023 kuma wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna a aji ba, har aka karɓe shi bautar ƙasa da shi. Nan take gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Haka maguɗi yake, mai gaskiya ma sai ya biya bashin da bai ci ba.

Mu da muka fara da makarantar allo mun ga wani tsari dabam. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya karatun a gaban malam da bakinsa. Ba a kiran mutum alaramma sai an ji haddarsa, ba a ce masa gwani sai masana sun yarda da shi. Wanda aka ba ijaza a zaure, malaminsa ya san shi ido da ido, ya san iyakar abin da ke kansa. Wannan gadon gidanku ne, ba baƙon abu nake kawo muku ba.

Ku 'yan jami'a, naku gwajin ya fi yawa, domin ba mai tashinku da asuba, ba mai tambayar ina kuka kwana. Abin yakan fara da ƙanana. Yau ka sa wa abokinka hannu a takardar halartar lacca alhali yana ɗaki yana barci. Gobe ka buga waya gida ka ce an ce a sayi littafi na dubu biyar, alhali na dubu biyu ne. Jibi a ba da aikin gida ka sa ChatGPT ya rubuta, ka miƙa ko karantawa ba ka yi ba. Kafin ka farga shekarar ƙarshe ta zo, ka je shagon masu buga takardu ka sayi furojet ɗin wani ka canza suna. Kowane mataki yana sauƙaƙa na gaba da shi, har kunyar ta ƙare. Na'urar nan ta ChatGPT ba haramun ba ce, ku tambaye ta abin da ya shige muku duhu, ta yi muku bayani, sannan ku rufe ku rubuta da kanku. Ke 'yata, idan wani malami ya nemi mutuncinki a bakin maki, laifin nasa ne, kada ki ɗauki kunyar ki ɗora wa kanki. Ki adana saƙonninsa, ki gaya wa iyayenki, ki kai ƙara wurin hukumar makaranta. Kai kuma ɗana, kada ka shiga layin masu haɗa kuɗi a kai wa malami don a gyara sakamako.

Ku lura da abokan zama, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na san abin da ya fi wuya shi ne aboki ya raɗa maka a ɗakin jarrabawa ka yi kamar ba ka ji ba, a fito a ce maka mugu, mai baƙin ciki. Maganin wannan tun kafin ranar ake yinsa. Ka ce masa, "Zo mu zauna mu bi tsofaffin tambayoyi tare, abin da na sani in koya maka, amma a cikin ɗaki kada ka kira ni." Wanda ya ƙi wannan tayin amsarka yake so, kai ba ka dame shi ba.

Faɗuwa kuma ba mutuwa ba ce. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, ana sake zama. Kwas ɗin da ya kayar da kai a jami'a ana maimaita shi. Shekara guda da ka ƙara za ta yi maka ciwo yanzu, nan da shekara goma ba mai tuna ta. Wanda kuma ya riga ya yi maguɗi, kada ya yanke ƙauna. Ya tuba, ya daina, sannan ya koma ya koyi abin da takardarsa ta ce ya sani, ko da a wurin ƙaninsa ne, ko da bayan ya fara aiki ne.

Iyaye 'yan'uwana, ina roƙonku ku daina biyan kuɗin maguɗin nan. Idan yaro ya kawo sakamako mai rauni wanda guminsa ne, ku sa masa albarka, ku nema masa mai ƙara masa darasi da kuɗin da za ku kai wa masu maguɗi. Ku kuma 'ya'yana, jarrabawar da ke tafe ku shiga da alƙalaminku da abin da ke kanku kawai, ku rubuta iyakar abin da kuka sani ku fito. Allah ya ba ku sa'a, ya sa ku amfani iyayenku da al'umma.