Direba mai motar kansa

Shinkafar waje da ake aunawa a kasuwar Ngelbeli ta sha tafiya. Ta ƙetare teku cikin jirgi, ta ratsa ƙasashe bisa babbar mota. Sau da yawa, irin wannan kaya cikin kwantena yake zuwa.

1. Kwantena

Kwantena babban akwatin ƙarfe ne. Akwai mai tsawon mita 6, akwai mai mita 12. Ana zuba kaya a ciki, a rufe ƙofa, a buga hatimi. Jirgin ruwa ya kawo shi tasha, a aza shi bisa mota, ba a taɓa abin da ke ciki ba.

Wani Ba'amurke mai suna Malcom McLean ne ya yaɗa wannan dabara. Shi ma da tsohuwar mota ɗaya ya fara, yana tuƙa ta da kansa. A shekarar 1956 jirginsa ya tashi daga Newark zuwa Houston da kwantena 58.

2. Hanya

Nijar ba ta da teku. Shekaru da yawa, yawancin kayanta ta Kwatano suke shigowa. Motoci su ratsa Binin, su hau gadar kogin Isa su shigo Gaya. Daga nan sai Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Damagaram, Gure, Maine Sorowa, har Difa. Tafiyar ta fi kilomita 2000. A shekarar 2023 aka rufe iyakar Nijar da Binin. Sai motoci da yawa suka koma Lome, suna biyowa ta Burkina Faso cikin ayari, da rakiyar sojoji. Kwanakin tafiya suka ƙaru.

Ngelbeli kuwa tana cikin rairayi, nesa da kwalta. A gari ake sauke kayanta, ƙananan motoci su ƙarasa da su.

3. Direba iri biyu

Akwai direban da ke tuƙa motar wani. Shi albashi yake karɓa. In mota ta lalace, ba aljihunsa za a taɓa ba. Amma in an sami riba mai yawa, ta maigida ce.

Akwai kuma direba mai motar kansa. Shi ne maigida, shi ne ma'aikaci. Shi ke neman kaya, shi ke yin ciniki, shi ke zaɓen ranar tashi. Riba tasa ce, hasara ma tasa ce.

4. Ina kuɗin ke tafiya?

Ranar da mai kaya ya biya shi, kuɗin suna da yawa a ido. Amma ba duka ne nasa ba. Gazwal ke cin kashi mafi girma. Akwai kuɗin hanya da na takardu. Akwai inshora. Akwai abinci da hakkin karen mota. Tayu suna cinyewa, inji yana son mai da gyara. In da bashi ya sayi motar, banki yana jiran nasa kowane wata, ko mota ta yi aiki ko ba ta yi ba.

Akwai kuma hasarar da ba a gani, watau jira. Yakan jira layin lodi a tashar jirgi, ya jira takardun duwan, ya jira ayari. Motar da ke tsaye ba ta kawo ko dala.

5. Komowa

Yawanci kwantena na kamfanin jirgi ne, aro ake bayarwa. In an sauke kaya, sai a mai da shi tasha cikin kwanakin da aka yanka. In ya wuce lokaci, kowace rana da tararta. Don haka direba yakan koma da akwati fanko, yana ƙona gazwal.

Saboda wannan, waɗansu ƴan kasuwa tun a tasha suke fasa kwantena, su jera buhuna bisa mota. Ta haka direba yana iya samun kayan komowa, kamar tattasan Komadugu. Sai dai lodi yana ɗaukar lokaci, ruwa da ɓarayi kuma suna iya taɓa kaya. Wani direban yakan ƙara buhuna fiye da ƙima don ya ƙara samu. Kwaɗayi mabuɗin wahala: nauyi yana fasa taya, yana kashe kwalta. A shekarar 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar da ta iyakance nauyin manyan motoci.

Direba mai hankali yana da littafi. Yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, yana lissafa zuwa da komowa. In kuɗin da aka taya ba su kai ba, sai ya ƙi lodin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ma'anar kalmomi

Hatimi: alamar da ke nuna ba a buɗe ƙofa ba.
Inshora: kuɗin da ake biya don a sami diyya in haɗari ya auku.
Karen mota: yaron da ke taimakon direba yana koyon aiki.
Fanko: abin da ba kome a cikinsa.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa mota ke ratsawa daga Gaya zuwa Difa?
2. Mene ne bambancin direban albashi da mai motar kansa?
3. Don me jira yake zama hasara?
4. Wace riba da wace wahala ke cikin fasa kwantena a tasha?

Lissafi

A ce an biya wani direba jikka 2000 don tafiya ɗaya. Ya kashe jikka 900 a gazwal, 150 a hanya da takardu, 100 a abinci da karen mota, 250 a taya da gyara. Banki ya karɓi 400. Nawa ya rage masa? In inji ya lalace aka gyara shi jikka 300, riba ya ci ko hasara ya yi? Ta nawa?

Aiki

Ku zana taswirar Nijar, ku nuna hanyar Gaya zuwa Difa. Ranar kasuwa, ku tambayi wani ɗan kasuwa inda kayansa suka fito da kuɗin motar buhu ɗaya.