Kwantar da kunnen yaro: wa zai biya, kuma nawa ne?

Wata uwa daga unguwar Zango a Damagaram ta aiko da wannan tambaya: "Ɗana shekararsa bakwai, kunnuwansa a buɗe suke fato-fato tun haihuwa. Tun da ya shiga lakwal yara suka laƙaba masa kunnen zomo, yanzu ko ana zafi ba ya rabuwa da hula. Na ji ana aikin kwantar da su. Maigidana yana da asurans a wurin aikinsa. Za su biya? In ba su biya ba, nawa zan tanada?"

Malama, Allah ya raya shi, ya shirya miki shi. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba: da wuya asurans ya biya. Amma ki san dalili, don a nan dabarar take.

Aikin kansa tsoho ne, wani likita mai suna Edward Ely ya yi shi a New York tun 1881. Ana tsaga bayan kunne, a lanƙwasa guringuntsin ko a rage shi, a ɗaure shi da zare ya matso kusa da kai. Awa ɗaya zuwa biyu ake yi. Babba allurar kashe zafi ta ishe shi, yaro kuwa sai an sa shi barci. Ba ya ƙara wa yaro ji, ba ya rage masa. Wannan ne ya sa kamfanonin asurans suke jefa shi cikin aikin kwalliya, shi kuma aikin kwalliya kusan kowace yarjejeniya ta cire shi daga abin da take biya. Ki sa maigida ya karɓo takardar yarjejeniyar, ku buɗe shafin abubuwan da aka keɓe, ku karanta tare.

Ta ɓangaren gwamnati ma ƙofar ba ta da faɗi. Maganin kyauta da Nijar ta kafa a 2006 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne, alhali likitoci ba sa taɓa irin wannan kunne sai yaro ya kai biyar ko shida, lokacin da kunnen ya kusa gama girma. Kin ga ranar da ya isa aikin ya riga ya fita daga kyautar. Asusun ma'aikata na CNSS kuwa harkarsa fansho, kuɗin iyali da haɗarin wurin aiki. Abin da zai ɗan taimaka miki shi ne ragin rabin kuɗi da aka yi a asibitocin gwamnati tun watan Satumba na 2024, don ganin likita da awon jini za su zo miki da sauƙi.

To ga inda nake so ki tsaya. Kafin ki tambayi kuɗi, ki kai yaron Asibitin Ƙasa na Damagaram, ki nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba shi, ya auna jinsa, ya rubuta sunan matsalar. Abin da ya rubuta shi ke yanke wanda zai biya. Kunnen da ya buɗe kawai daban, kunnen da aka haifa a naɗe ko bai gama fitowa ba daban, haka wanda wuta ta ci ko haɗari ya yage. Waɗannan na baya gyaran lahani ne, kuma asurans yakan saurare su, ko da yake wasu kamfanonin suna keɓe lahanin haihuwa ma. In likita ya ga na ɗanki ya shiga wannan sahu, ki nemi ya haɗa da rahoto da hotuna, ku miƙa wa kamfanin, ku jira amincewarsu a rubuce kafin a sa ranar aiki. Wanda ya yi aiki sannan ya kai rasit yakan dawo da rasit ɗinsa a hannu. Kada kuma ki roƙi likita ya rubuta abin da babu. Ha'inci ne, kuma in aka gano, asurans na gidan duka zai iya salwanta.

Wasu za su ce miki ki je wajen masu agaji. Gaskiya ne Sentinelles, ƙungiyar Suwizalan, tana Damagaram tun 1992, amma aikinta na yaran da cutar noma ta ci wa fuska ne da masu tsagaggen leɓe. Asibitin CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 shi ma ya fi karkata ga karkatacciyar ƙafa, ƙuna da tsagar leɓe. Layinsu na yaran da ba sa iya cin abinci ko tafiya ne, kada ki ɗora dogon buri a can.

Game da kuɗi, ga ma'auni daga waje. A Ingila asibitocin kuɗi suna karɓar fam 2,500 zuwa 3,500, wato wajen miliyan biyu na sefa zuwa sama. A Amurka ladan likita kaɗai ya haura dalar Amurka 3,500. Faransa ce mai sassauci, don asusun lafiyarta yana biya in an tabbatar kunnen yana takura wa mutum cikin jama'a. Ki auna wannan da mafi ƙarancin albashi a Nijar, jika 42 a wata. A ƙasashenmu kuɗin bai kai na Turai ba, amma yana bambanta daga asibiti zuwa asibiti, don haka kada ki karɓi farashin baki. Ki ce a rubuta miki ƙiyasi, ki duba ko ya ƙunshi mai sa barci, ɗakin aiki, gado, magani da wankin ciwo, da kuma wanda zai biya in zare ya saki kunne ya koma yadda yake, don hakan na faruwa. In aka tura ku Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce, ki sa kuɗin mota da masauki na aƙalla mako guda. Kano ta fi kusa, kuma akwai likitocin gyaran fata a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dala, sai dai ki tambaya ko asurans ɗinku yana aiki a ƙetaren iyaka.

Abin da ya fi kuɗin damuna shi ne tabo. Baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma, kuma kunne na cikin wuraren da ya fi so. Kin sha ganin mata da ƙullutu a kunne bayan huji. In akwai mai irinsa a danginki ko na maigida, ko wata tsohuwar shaidar rauni a jikin yaron ta yi tudu, ki faɗa wa likita tun ranar farko, don zai iya ba ki shawarar a haƙura. Wanzami ko mai kemis kuwa kada ya kusanci guringuntsin yaronki. In ya ruɓe, kunnen motsewa yake yi, gyaransa ya fi na farko tsada da wuya.

Na san tambayar halasci ma za ta taso a gida. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta gyaran lahanin da ke cutar da mutum a jiki ko a zuciya, ta hana wanda son burgewa ne kawai. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin likita.

Sannan ki zauna da yaron ki ji ta bakinsa. Shi zai kwana da bandeji mako guda, ya riƙa ɗaura ƙyalle a ka da dare har wajen mako shida, ya bar ƙwallo da kokawa. Yaron da bai so ba, fizge ɗaurin zai yi. Kafin nan, gobe ma ki je ki ga mushen ajinsu a kan tsokanar, wannan ba ya jiran kuɗi. In kuma Allah ya ba ki wani jaririn da irin kunnen, ki nuna wa likita cikin makonni uku na farko, lokacin guringuntsi yana da taushi, ana iya gyara shi da ɗan maƙali da filasta ba tare da wuƙa ba.