Yadda Ake Duba Sabon Jirgin Ruwa a Zamanin Sarauniya Biktoriya

Sa'ad da nake koyarwar gwaji a wata makaranta a Garki, ban taɓa zaton zan koyar da labarin jirgi ba, sai ga shi a Yunin 2023 labari ya zo cewa jirgi ya kife a Kogin Kwara wajen Fategi, mutum fiye da ɗari sun halaka. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ke cewa jirgi ya cika?" Na yi shiru. Abin da na samo daga baya shi ne nake so in ba 'yan'uwana malamai.

Ku fara da sunan da yara za su gane. A 1832 wani Bature, Macgregor Laird, ya shigo Kwara da ɗan jirgi na baƙin ƙarfe mai tafiya da tururi, sunansa Alburkah, watau albarkarmu ta Hausa. A lokacin nan yawancin jiragen teku na katako ne. Kafin Sarauniya Biktoriya ta rasu a 1901, baƙin ƙarfen ma ya zama tsohon yayi, an koma ga tataccen ƙarfe, wanda ya fi ƙwari, har ana iya rage kaurin bango jirgi ya ƙara ɗaukar kaya.

Amma da fari ba a amince da shi ba, kuma da dalili. Jirgin da Livingstone ya shiga Kogin Zambezi da shi a 1858, Ma Robert, na tataccen ƙarfe ne mai sirara ƙwarai. Tsatsa ta cinye shi, ya yi ta yoyo har ya nutse a 1860.

To, ɗan kasuwan da zai zuba kayansa, da kamfanin inshora da zai biya in an yi hasara, maganar wa za su kama? Maƙeri ba ya kushe aikinsa. Saboda haka akwai wata ƙungiya a Landan, Lloyd's Register, wadda aka kafa a 1760, aka sake tsara ta a 1834. Ba ta ƙera jirgi, ba ta sayarwa. Aikinta ta aiki masu dubawa, ta rubuta darajar kowane jirgi cikin littafi mai fitowa kowace shekara. Ta fitar da ƙa'idodin jirgin baƙin ƙarfe a 1855, na tataccen ƙarfe kuwa a 1888.

Nan ne ya kamata malami ya tsaya ya yi bayani sosai. Tun kafin a aza komai ake kai mata zanen jirgin ta gani. Mai dubawa ya tafi inda ake narka ƙarfen, a yanko ɗan guntu daga faranti, a sa a inji a yi ta ja har ya tsinke, a ga nauyin da ya jure. A lanƙwasa wani guntun a ga ko zai tsage. Wanda ya ci jarrabawa sai a buga masa hatimi. Daga nan ya riƙa zuwa wurin ƙira a kai a kai, ya ga ƙashin bayan jirgi, ya ga haƙarƙarinsa, ya auna kaurin bango. Da ƙusoshi ake haɗa farantan, ana dasa su da zafi, jajir. Sai ya bi su da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa, kamar yadda mace ke yi wa tukunya a kasuwa, wadda ta yi sako-sako ƙararta za ta tona ta. A cika tankunan jirgin da ruwa a ga ko za su zuba. Anga da sarƙarta su ma sai an gwada.

In ya gamsu, sai a rubuta 100A1 gaban sunan jirgin, alamar da aka soma ba jiragen ƙarfe a 1870. 100A darajar gangar jikinsa ce, 1 kuwa ta kayan aikinsa, irin su anga da sarƙa. Ba kyauta ce ta har abada ba, don duk shekara huɗu sai an sake yi masa babban bincike.

Saura tambayar yaron nan. Jirgi mai kyau ma in an labta masa kaya zai nutse. Wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, ya yi ta fama har aka yi doka a 1876, a zana da'ira da layi a tsakiyarta a gefen jirgi, kada ruwa ya wuce layin. Abin dariya, da fari mai jirgi ne ke zaɓar inda zai zana! Sai a 1890 aka karɓe wannan daga hannunsa, aka bar wa masu dubawa su auna.

Ga yadda na nuna wa ajina. Na sami daro cike da ruwa, da gwangwanin kifi, da tsakuwa. Na raba yara biyu, masu jirgi da masu dubawa. Masu jirgi suka zana layinsu dab da baki, muka zuba tsakuwa har layin, na girgiza daron kaɗan, gwangwani ya nutse. Masu dubawa suka zana nasu ƙasa da haka, ya tsira. Sa'an nan muka narka gishiri mai yawa cikin ruwan, gwangwanin ya ɗan taso, layin ya fito fili. Shi ya sa jirgin teku yake da layi dabam domin ruwan kogi, sama da na ruwan gishiri. Ku tanadi tsumma, gama aji zai jiƙe.