DARASIN WATA: YADDA AKE RIƘE SABUWAR KALMA BAYAN AN NEMO MA'ANARTA

Wanda ya koyi karatu da girmansa yakan gamu da wata damuwa. Yana cikin karanta jarida, ko takardar asibiti, ko saƙon banki a waya, sai ya ci karo da kalmar da bai sani ba. Ya tambaya a gaya masa, ko ya duba ƙamus, ya gane. Bayan kwana uku ya sake ganin kalmar, sai ya ga kamar bai taɓa haɗuwa da ita ba. In haka ta yi ta faruwa, wasu sai su ce kansu ya tsufa, su daina zuwa aji.

To, laifin ba na tsufa ba ne. Mantuwa halin ɗan Adam ce, yaro da babba. Nemo ma'anar kalma aiki ɗaya ne, riƙe ta kuma wani aiki ne dabam. Wannan darasi zai nuna yadda ake yin aiki na biyun, ga mai babbar waya da wanda ba shi da ita.

AMFANIN RIƘE KALMA

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Manoma daga Gagarawa da Sule Tankarkar da ƙauyukan Gumel suna kai riɗi da zoɓo da wake da dabbobi. A yau ciniki da yawa ta waya ake biyansa, saƙon banki kuwa da Turanci yake zuwa. Akwai kalmomi uku a cikinsa da ya kamata kowa ya sani. Credit na nufin kuɗi sun shigo. Debit na nufin kuɗi sun fita. Balance kuma shi ne abin da ya rage a asusu.

Wanda bai riƙe waɗannan kalmomi ba, dole ya miƙa wayarsa ga wani ya karanta masa, ya san sirrin aljihunsa. Ko kuma ya saki ragonsa alhali kuɗi ba su shigo ba. A tsakiyar kara babu mai jiran mutum ya buɗe ƙamus.

Haka yake ga uwar gida. A jikin kwalin magani akan rubuta EXP, sa'an nan wata da shekara. In aka ga EXP 03/2027, ma'anarsa maganin yana da kyau har zuwa watan 3 na shekarar 2027, bayan nan kada a sha. Uwar da ta riƙe wannan ta tsare lafiyar 'ya'yanta.

Ko a cikin Hausa ma akwai kalmomin da sabon mai karatu bai saba da su ba, kamar yarjejeniya, da sinadari, da kasafin kuɗi. Wasu kuma sun ƙara ma'ana. A da in an ce manhaja, tsarin darussan makaranta ake nufi. Yanzu har kayan aikin da ake saukarwa a cikin waya, manhaja ake ce musu.

INDA AKE NEMO MA'ANA

Hausa ba ta rasa ƙamus ba. A shekarar 1934 wani Bature mai suna Bargery ya fitar da ƙamus na Hausa zuwa Turanci mai kalmomi kusan 39,000, kuma yanzu ana samunsa a intanet. A 1977 aka buga Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci. A 2006 Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda yake bayanin kalmar Hausa da Hausa. Wannan ya fi dacewa da wanda bai iya Turanci ba.

A waya kuma akwai manhajar Google Translate. An sa Hausa a cikinta a shekarar 2013. Tun daga 2023 ana iya sauke Hausar a ajiye a waya, a yi aiki da ita ko babu data. Sai a rubuta kalmar Turanci, ta ba da ta Hausa nan take.

Amma wannan sauƙi yana da tarko. Abin da aka samu ba wahala shi ya fi saurin tafiya. Kalmar da take cikin waya ta waya ce, ba ta zama ta mai wayar ba tukuna. Ran da caji ya ƙare, ta tafi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

A shekarar 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna yadda yake mantawa. Ya ga cewa bayan awa ɗaya, fiye da rabin wahalar da ya sha ta tafi. Bayan kwana ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku sun tafi. Watau mantuwa ta fi ƙarfi a ranar farko.

Ya kuma gano wani abu. Maimaici 38 da ya raba cikin kwana uku ya yi masa amfanin maimaici 68 da ya yi a zama ɗaya. Ke nan bita kaɗan-kaɗan a ranaku dabam-dabam ta fi doguwar bita a dare ɗaya.

A shekarar 2008 wasu masana biyu a Amurka, Karpicke da Roediger, suka koya wa ɗaliban jami'a kalmomi 40 na harshen Suwahili. Wasu aka ci gaba da yi musu tambaya a kan dukan kalmomin, suna kawo amsa da ka. Wasu kuwa da zarar sun ci kalma sau ɗaya sai a daina tambayarsu ita. Bayan mako ɗaya, na farko suka tuna kusan kashi 80 cikin 100. Na biyun, abin da suka tuna bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku ba, har da waɗanda suka yi ta sake karanta kalmomin da ido.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gumel. Almajirin tsangaya yakan rubuta karatunsa a allo, ya yi ta biyawa, sa'an nan ya kife allon ya kawo hadda da ka. Ko bayan ya wanke allon, yana komawa baya ya yi tilawa. Hanyar ke nan. Sai dai a ɗauko ta a sa wa kalmomi.

MATAKAI BIYAR

1. Kafin a duba ƙamus, a fara cinka. A karanta jimlar duka, a yi tunanin me kalmar za ta iya nufi. Sa'an nan a duba a ga ko an dace. Wannan ɗan ƙoƙari yana sa ma'anar ta zauna.

2. A rubuta kalmar da hannu a wani ɗan littafi da aka ware don wannan aiki. A rubuta ta tare da jimlar da aka same ta a ciki. Dalili kuwa kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana da yawa. Kuka itaciya ce, kuka kuma abin da jariri yake yi ne. Fari launi ne, fari kuma rashin ruwan sama ne. Jimla ce take rarrabe su.

3. A faɗi kalmar da ƙarfi, sa'an nan a gina mata sabuwar jimla daga sana'ar mutum. Manomin da ya koyi yarjejeniya sai ya rubuta: "An yi yarjejeniya da mai gona a kan buhu biyar na gero." Mai ƙosai ta kawo nata misali daga cinikinta.

4. A rufe ma'anar da hannu, a tambayi kai. Sai an kawo amsa, ko an kasa, sa'an nan a duba. Kallon kalma da ido kawai yana ruɗin mutum, ya zaci ya sani.

5. A sake wannan tambaya da daren ranar, da washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako ɗaya, da bayan wata ɗaya.

Kada a yi haɗama. Kalma uku ko biyar a rana sun isa. Mai riƙe kalma uku kullum, a wata ɗaya ya tara 90. A shekara ya haura 1,000.

GWANGWANI UKU

Mutum zai ce, yaya za a tuna ranar bitar kowace kalma? A shekarar 1972 wani ɗan jarida Bajamushe mai suna Leitner ya bayyana wata dabara ta akwati mai ɗaki-ɗaki. Ana iya yinta a gida da gwangwanin madara guda uku.

A samu kwalin sabulu ko na sukari, a yayyanka shi ƙanana. A rubuta kalma a gaba, ma'ana da jimla a baya. Duk sabon kati gwangwani na 1 yake shiga.

Gwangwani na 1, kullum ake duba shi.
Gwangwani na 2, ran Litinin da ran Alhamis.
Gwangwani na 3, ran Juma'a kaɗai.

In aka ɗauki kati aka ci amsa, sai ya ƙara gaba zuwa gwangwanin da ke biye. In aka faɗi, sai ya koma na 1, ko da daga na 3 ya fito. Katin da aka ci Juma'a huɗu a jere, a ɗaure shi da zare a ajiye, a riƙa duba shi duk tsayuwar wata. Ta haka kalmomi masu wuya su ne za su fi zuwa hannu, masu sauƙi ba za su ci wa mutum lokaci ba. Aikin duka bai fi minti goma ba, bayan asuba ko bayan sallar isha'i.

TAIMAKON WAYA

Akwai manhajoji da suke yin aikin gwangwanin nan. Wadda aka fi sani ita ce Anki, wadda ta fito a shekarar 2006. A wayar Android sunanta AnkiDroid, kyauta ce, kuma tana aiki ko babu data. Mutum shi zai rubuta katinsa, kalma a gaba, ma'ana a baya. Manhajar za ta nuna kalmar, ya kawo amsa da ka, ya danna ya ga ko daidai ne. Sa'an nan ya gaya mata ko ya tuna ko ya manta. Ita ce za ta lissafa ranar da kalmar za ta dawo. Wadda aka manta ta dawo da wuri, wadda aka sani ta jima. Ranar farko ana bukatar malamin aji, ko wani ɗalibi na Kwalejin Ilimi ta Gumel, ya nuna yadda ake danna ta.

A Google Translate kuma akwai alamar tauraro. In aka danna ta, kalmar za ta shiga ma'ajiya. Da dare sai a buɗe ma'ajiyar a kwashe kalmomin ranar a sa su a littafi ko a kati. In aka bar su a can kawai, an tara hatsi ne a rumbun da ba a buɗewa.

Mai ƙaramar waya ma bai rasa rabo ba. Yana iya saita agogon wayar ya riƙa kaɗa masa lokacin bita. 'Yan aji ɗaya masu WhatsApp kuwa suna iya buɗe zaure, kowa ya jefa kalma ɗaya a rana, sauran su kawo ma'ana.

A KULA DA WAƊANNAN

Na ɗaya, haruffa masu lanƙwasa. Kafa dabam, ƙafa dabam. Baki dabam, baƙi dabam. In aka rubuta wa waya k a maimakon ƙ, tana iya ba da ma'anar wata kalma. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ.

Na biyu, waya tana kuskure, kuma ba ta san kowace Hausa ba. Mutanen Nijar da ke zuwa Maigatari sukan ce lakwal suna nufin makarantar boko. In sun ce dala a ciniki, sefa biyar ke nan. Irin waɗannan a bakin mutane ake koyonsu. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, a maganar awon magani, na mutum ko na dabba ko na feshin gona, kada a dogara ga waya ita kaɗai. A tambayi ma'aikacin lafiya, ko malamin dabbobi, ko malamin gona. In ya yi bayani, sai a rubuta kalmar a kati.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin Credit da Debit?
2. A wace rana mantuwa ta fi ƙarfi?
3. Don me ake rubuta kalma tare da jimlarta?
4. In aka faɗi katin da ke gwangwani na 3, ina zai koma?
5. Wane ƙamus ne yake bayanin Hausa da Hausa, kuma a wace shekara ya fito?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya zaɓi kalma biyar daga wannan jarida waɗanda bai sani ba. Ya nemo ma'anarsu, ya yi musu kati, ya sa a gwangwani na 1. Bayan mako biyu a kawo gwangwanaye aji. Ɗalibai su zauna biyu-biyu, wannan ya ɗaga kati, wancan ya ba da amsa. Malami ya rubuta yawan abin da kowa ya ci, a sake gwadawa a ƙarshen wata. Allah ya ba da sa'a.