DARASIN MATASA: YADDA AKE AMSA TAMBAYA A WURIN NEMAN AIKI

Abin karantawa: 1 Sama'ila 17:31-40, Farawa 41:14-16, Nehemiya 2:1-8.

A ƙasar Gezawa gona ba ta hutawa. Ko'ina ka duba shuka ce, daga bakin wannan gari har bakin wancan. In uba ya rasu aka raba gonarsa ga 'ya'ya biyar ko shida, rabon kowa ba zai ciyar da iyali shekara ba. Saboda haka tilas waɗansu matasanmu su haɗa noma da aikin albashi. Waɗansu suna nema a masana'antun Bompai da Sharaɗa da na hanyar Haɗeja. Waɗansu a makaranta, ko asibiti, ko hukumar aikin gona ta KNARDA, ko gonar gwaji ta IITA da ke Minjibir.

Amma da yawa akan kira su intabiyu su komo hannu banza. Sau da yawa ba rashin sani ba ne. Tun muna yara an koya mana cewa yabon kai jahilci ne, yaro kuma ba ya ɗaga kai gaban manya. Tarbiyya ce mai kyau. To, amma wanda zai ba ka aiki bai san ka ba, bai san gidanku ba. Abin da ka faɗa da bakinka, shi zai auna. Faɗin aikin da ka yi da hannunka shaida ce, ba fahariya ba.

Misalin Dawuda

Sarki Saul ya dubi Dawuda ya ga yaro ne, bai taɓa zuwa yaƙi ba. Dawuda bai yi shiru ba, bai kuma yi ƙarya ba. Ya ba da labarin kiwon tumakin ubansa, da yadda ya ƙwace su daga bakin zaki. Ya ba Allah girma. Da aka sa masa kayan yaƙin sarki ya ga bai saba da su ba, sai ya faɗa a fili ya tuɓe. Lura da abu uku: bai ji kunyar aikin ƙauye ba, ya kawo misali na gaskiya, bai kuwa ɗauki abin da bai iya ba.

Kafin ranar

Yusufu ya yi aski ya sāke tufafi kafin ya tsaya gaban Fir'auna. Kai ma ka wanke rigarka, ko tsohuwa ce. Tara takardunka na ainihi da kwafinsu: na makaranta, na haihuwa, na ƙaramar hukuma, da lambar NIN. Tabbata suna da ranar haihuwa ɗaya ne a cikinsu duka. Tambayi wani da ke aiki a wurin abin da suke yi. In a Kano ne, fita da sassafe, gama mota ba ta tashi sai ta cika. In ka shiga yi gaisuwa, ka jira a ce ka zauna. Yi magana yadda za a ji ka, kana duban mai tambaya cikin ladabi.

Tambayoyi shida

1. "Gaya mana ko kai wane ne." Ba tarihin kakanninka ake so ba. Faɗi sunanka, garinku, makarantar da ka gama, da aikin da kake yi yanzu. Minti ɗaya ya isa.

2. "Don me kake son wannan aiki?" Kada ka ce, "Ranka ya daɗe, a taimake ni, talauci ya dame mu." Duk waɗanda ke jira a waje haka suke. Faɗi abin da za ka kawo. Mai neman aikin malamin gona yana iya cewa, "Na tashi cikin manoma, na san yadda ƙuduji ke cin dawa da gero a gonakinmu, ina so in koyi maganinsa in kai wa jama'a."

3. "Wane aiki ka taɓa yi?" A nan yawancinmu suke faɗuwa. Sai ka ji saurayi ya ce, "Ba komai, noma kawai." Haba! Wanda ya yi shekara takwas yana kai takin gida gona, yana haɗa gero da wake da gyaɗa, yana turkar rago har ya sayar, ya yi aiki. Faɗa da lissafi: kadada nawa, buhu nawa, shekara nawa. Yarinyar da ta riƙe littafin adashen zumuntar mata, ko ta koyar a makarantar Lahadi, ta faɗa. "Ranki ya daɗe, shekara biyu ina riƙe kuɗin mata 30, ba a taɓa rasa ko kwabo ba." In gaskiya ce, wannan ya fi dogon Turanci.

4. Tambayar sanin aiki. Mai neman aikin gona ya san ƙananan abubuwa sarai. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan kadada biyu da rabi. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin 100. Tsutsar masara da ta bayyana a Nijeriya a 2016 cikin kan masara take ɓuya. Buhu mai ninki uku yana tsare wake ba tare da magani ba, domin ƙwari ba sa samun iska. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce, "Ban sani ba, amma zan koya." Ramin ƙarya ƙurarre ne, mai tambaya kuwa ya fi ka sanin amsar.

5. "Ina kasawarka?" Kada ka ce ba ka da ita. Faɗi guda ɗaya, da abin da kake yi a kanta. Misali: "Hannuna bai faɗa da kwamfuta ba tukuna, amma ina zuwa koyo sau biyu a mako." In an tambayi dalilin barin aikinka na dā, kada ka zagi tsohon maigidanka. Za su ce gobe su za ka zaga.

6. "Yaushe za ka fara, nawa kuma kake so?" Da sarki ya tambayi Nehemiya, ya yi addu'a a zuciya, sa'an nan ya sa lokaci, ya faɗi abin da yake bukata. Kada ka ce "ko nawa ne." Bincika tun da wuri. A 2024 doka ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, ga wuraren da ke da ma'aikata 25 ko fiye. In kana so a bar maka Lahadi domin sujada, ko kwanaki kaɗan lokacin girbi, faɗa yanzu cikin ladabi. Tun ran gini ran zane. Ka kuma nuna a shirye kake ka yi aiki da kowa, Musulmi da Kirista, kamar yadda muke cin kasuwa ɗaya.

Gargaɗi

Kada ka ari takardar wani. Kada ka rage shekarunka. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka aiki, guje shi. Akwai iyayen da suka jinginar da gona saboda wannan, aiki bai zo ba, gona kuma ta tafi. In ba a ɗauke ka ba, kada ka fid da zuciya. Rubuta tambayoyin da aka yi maka, ka shirya domin gaba.

Aikin ƙungiya

Ku zauna uku uku. Ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya amsa, ɗaya ya saurara ya gyara. Ku roƙi wani dattijo da ya yi aikin gwamnati ya zauna tare da ku. Sa'an nan ku tattauna:

(a) Ina bambancin tawali'u da tsoro?
(b) Wane aiki ka yi a gida ko a ikkilisiya da za ka iya faɗa da lissafi?
(c) Me za ka ce wa aboki da ke shirin sayen takardar ƙarya?

Allah ya ba matasanmu bakin gaskiya da abin yi. Amin.