Darasi: Daga Kula da Tsofaffi Zuwa Aikin Nas a Kanada

'Yar'uwa, idan zama ya kai ki Kanada kuma kina sha'awar aikin jinya, ga wata hanya. A lardin Ontariyo mata da yawa kan fara da aikin taimaka wa tsofaffi da marasa lafiya: yi musu wanka, ba su abinci, da juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa 2 don kada kwanciya ta jawo masa gyambo. Kwas ɗin yawanci ba ya wuce shekara 1.

Daga nan sai difloma ta shekara 2, ko digirin shekara 4 da jarrabawar NCLEX, ki zama cikakkiyar nas. Kin ga kafin nan kina ɗaukar albashi, idonki kuma ya saba da gane canji a jikin majinyaci.

Amma fa akwai nauyi. Ɗaga mutum na jawo ciwon baya, saboda haka ki koyi aiki da na'urar ɗagawa. Akwai aikin dare, sai ku zauna da maigida ku tsara wanda zai riƙe yara. Batun wankan maza kuwa, ki tayar da shi tun kafin ki sa hannu a takardar aiki.